Darasi: Wa Ke Kula da Mai Kula da Yara?

A shekarar 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a Dokar Kare Yara ta Jihar Sakkwato. Amma doka ba ta da ƙafa. Ma'aikacin jin daɗin jama'a ne ke kai ta ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, ya gana da mai unguwa, ya binciki halin maraya. In ya gaji ya koma birni, yaron da ya saba da shi ya sake zama maraya. Saboda haka mu ƙarfafa matasanmu su koyi aikin nan, wanda aka turo mana kuma mu riƙe shi kamar ɗan gida.

Tambaya: Me zai zaunar da irin wannan ma'aikaci a garinmu?