Tsarin Yinin Muridi: Kowane Wuridi da Lokacinsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya karɓi ɗariƙar Shehu Ahmadu Tijjani (R.A.) a hannun muƙaddami ya ɗauki alkawarin abu uku har ƙarshen rayuwarsa: lazimi safe da yamma, wazifa sau ɗaya a yini, da zikirin Juma'a bayan la'asar. Lazimi shi ne istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Wazifa kuwa istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. Adadin bai kai ya gagari kowa ba. Inda muridi ya fi tuntuɓe shi ne barin wuridi ba tsayayyen lokaci, yana cewa "an jima", har rana ta faɗi.

Shehu bai bar wuridi sakaka ba, ya ɗaure shi ga salla. Zaɓaɓɓen lokacin lazimin safe daga bayan asuba ne zuwa hantsi, na yamma daga bayan la'asar zuwa lisha. Mai uzuri yana da sarari: na safe zuwa magariba, na yamma zuwa ɓullowar alfijir. In ya wuce nan sai ramuwa, domin lazimi bakance ne da mutum ya ɗora wa kansa. Hikimar a fili take. Wanda ya zauna kan buzunsa bayan sallama ya ja carbi ya gama da rai cikin sauƙi. Wanda ya tashi ya ɗauki waya ko ya leƙa ƙofar gida, rai ya samu ƙofar jayayya.

Asuba kuwa tun daga dare ake gyara ta. Saurayin da ya kai ƙarfe ɗaya a fada ana zagaya shayi, ko yana kwance yana bin WhatsApp, ya riga ya sayar da safiyarsa. Don haka ɗabi'a ta farko da muridi zai kafa ita ce lokacin kwanciya. Bayan lisha da wazifa ya ba iyali haƙƙinsu, ya aje waya nesa da shimfiɗa, ya kwanta da alwala.

Sana'a ba hujjar sakaci ba ce. Manomi a damina, ɗan kabu-kabu, mai rumfa a kasuwar Maradi, direban da zai tashi daga Damagaram zuwa Yamai tun da duhu, kowa ya duba yininsa ya ga inda lokaci ke kuɓuce masa. Ɗariƙa ta yarda a gabatar da lazimin safe cikin dare, in an jima da yin lisha, matuƙar an gama kafin alfijir. Mai tafiyar sammako ya tambayi muƙaddaminsa yadda ake yi. Wazifa kuma ya lizimci zawiya guda da ƴan uwa, domin ranar da kasala ta zo, jama'a ce ke ɗaukar mutum.

Kada muridi ya yi gaggawar tara zikirori alhali lazimi bai zauna ba, kuma kada ya fifita wuridi kan salla biyar cikin jam'i da biyayyar iyaye, waɗanda suna cikin sharuɗɗan ɗariƙa. Hadisin Nana A'isha (R.A.) a Buhari da Muslim ya nuna aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa, ko da kaɗan ne.

Kafin barci, muridi ya yi wa kansa hisabi: salla nawa ya samu cikin sahu? Lazimi ya zo kan lokacinsa? Akwai wanda harshensa ya cuta yau? Abin da ya kuɓuce ya rama a daren, kada bashin wuridi ya taru ya yi nauyi har shaiɗan ya raya masa barin ɗariƙa.

Allah Ya ba ƴan uwa himma da dauwama, albarkar Manzon Allah (S.A.W.). Amin.