Yaya Yaran Japan Ke Lissafi da Ka?

Wani mai sauraronmu daga Gagarawa, jihar Jigawa, ya tambaya: me ya sa yaran Japan suka ƙware a lissafi da ka?

To Malam, horo ne tun suna ƙanana. A aji biyu na firamare suke haddace jadawalin sau, daga 1 zuwa 9, suna rerawa. A aji uku ake koya musu soroban, allon lissafi mai duwatsu: a kowane layi, na sama 5 ne, huɗun ƙasa kowanne 1. Wanda ya goge sai ya riƙa ganin allon a zuciyarsa yana lissafi. 'Yan canjin kasuwar Maigatari ma da ka suke juya naira zuwa sefa. Ku riƙa gwada yaranku da lissafin cefane kullum.