Darasi Na Shida: Noman Rani da Tsadar Kayan Aiki, Nazari Daga Sabon Tasha

6.0 Gabatarwa

A darasin da ya gabata an yi bayanin noman damina da matakansa, tun daga sassabe har zuwa girbi. A wannan darasi za a dubi abin da manomi yake yi da ƙasa bayan an kawar da amfanin gona, da kuma tambayar da ta dami manoma a 'yan shekarun nan, wato ko wannan noma yana mayar da kuɗin da ake kashe masa. An ɗauki Sabon Tasha a matsayin misali, domin unguwa ce da birni da gona suka haɗu a cikinta.

6.1 Ma'anar Noman Rani

Bahaushe ya kasa shekara zuwa damina da kaka da rani da bazara. Noman rani shi ne duk noman da ake yi bayan ɗaukewar ruwan sama, ta hanyar ban-ruwa daga kogi ko rafi ko rijiya. Ba kowace ƙasa ce take karɓarsa ba. Gonar tudu da jigawa sai dai su jira damina, amma fadama, wato ƙasa mai kwari wadda take riƙe laima, ita ce gidan lambu. A da, da jigo da guga ake ɗebo ruwa a kwarara shi cikin fangali. Wanda ba shi da fadama kuwa yakan tafi cin rani. Ya kamata ɗalibi ya lura da waɗannan kalmomi biyu, domin cin rani da noman rani amsoshi ne guda biyu na matsala ɗaya, wato yadda magidanci zai ci da iyalinsa a watannin da gona ba ta ba da komai.

6.2 Sabon Tasha da Fadamunta

Sabon Tasha tana kudu da Kogin Kaduna, a kan hanyar Kachiya, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun. Yankin ƙasar Gbagyi ce tun asali, amma yanzu ƙabilu da yawa suke zaune a cikinta, kuma Hausa tana daga cikin harsunan ciniki a kasuwarta. Ruwan sama yakan ɗauke a watan Oktoba, daga nan masu lambu su koma bakin Kogin Kaduna da rafin Romi, suna shuka alayyafo da latas da kuɓewa da tumatir da masarar gashi, har da ganyen ugu da mutanen Kudu suke miya da shi. Shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa Nijeriya da shi tun farkon shekarun 1990 ya taimaka wajen yaɗuwar ƙaramin injin ban-ruwa, har jigo ya kusa zama tarihi.

6.3 Inda Tsadar Take

Injin da ya hutar da manomi daga jan guga shi ne kuma ya ɗaure shi da gidan mai. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta kai 1,000 a wurare da dama. Manomin damina yana iya kauce wa fetur, amma mai lambu ba shi da wannan dama, domin shuka ba ta jiran farashi ya sauka.

Haka abin yake ga taki. A 2017 an sayar da buhun kamfa a kan naira 5,500 ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya, amma yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 da faɗuwar darajar naira a 2023 sun sa buhun ya wuce 30,000 a 2024. (A nan malamin Hausa zai lura da cewa kamfa da sufa da yuriya da injin duk kalmomin aro ne da suka shigo tare da kayan, suka kuma bi tsarin furucin Hausa.) Sai kuɗin iri da maganin ƙwari da ƙodago, domin gandu ya watse, gayya ta yi ƙaranci a bakin birni. Sai kuma hayar fili, wadda take hawa saboda gine-gine suna cinye gonaki. Satar mutane da ta addabi Chikun, musamman a 2021, ta sa wasu sun bar gonakin nesa sun dawo suna cunkoso a na kusa da gari.

Akwai wata tsada da ba a cika lissafawa ba. A al'ada, bayan girbi makiyaya sukan shiga gona da shanunsu, su ci kara su bar taki, ƙasa kuma ta huta. Gonar da ake nomawa rani da damina ta rasa wannan hutu, saboda haka kowace shekara sai ta nemi takin zamani fiye da na bara.

6.4 Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Amsar ta danganta da abin da aka shuka da lokacin da ya nuna. Wanda ya dasa tumatir ya nuna tsakanin Janairu da Maris ya faɗa lokacin da na Kano da Zariya ya cika kasuwa, kuma tun da tumatir ba ya ajiyuwa, dillali ne zai yanka masa farashi. In ya jinkirta zuwa bazara domin ya sami tsada, zafi da tsutsa suna jiransa. A 2016 tsutsar da manoma suke kira sharon ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Mai masara ma ya ga darasi a 2025, lokacin da farashin hatsi ya faɗi alhali taki bai sauka daidai da shi ba.

Mai alayyafo ya fi su kwanciyar hankali. Cikin wata guda yake fara yanka, kasuwar Sabo tana kusa, kuɗin mota kaɗan ne, kuma cinikin wannan mako shi yake sayen man mako mai zuwa. Idan fadamar tasa ce, 'ya'yansa kuma suna taya shi, to noman yana biya, ko da ribar ba ta kai ta da ba. Wanda ya yi hayar fili, ya ci bashin taki, ya ɗauki 'yan ƙodago, sau da yawa wahala kawai yake sha wa wasu. Injin mai aiki da hasken rana da ya fara yaɗuwa yana rage kuɗin mai, sai dai da ruwan ciki akan ja na rijiya, kuma ƙaramin manomi ba kasafai yake da kuɗin sayensa a dunƙule ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rashin lissafi. Manomi yakan ƙirga abin da ya karɓa ranar kasuwa, ya manta da man da ya saya lita biyu yau, uku jibi, bai kuma sa wa guminsa kuɗi ba. Malamin da aka tura ƙauye yakan zama mai rubuta wa jama'a wasiƙa da lissafi, don haka sanin wannan ya shafe shi kai tsaye.

6.5 Aikin Gida

1. Bambanta tsakanin fadama da jigawa, da kuma tsakanin gayya da ƙodago.
2. Ziyarci wani mai lambu a yankinku, ka rubuta kalmomi goma na sana'arsa, ka ware na asali da na aro.
3. Tsara muhawara ga 'yan aji uku na ƙaramar sakandare a kan taken: Noman rani ya fi cin rani.