Birnin da Ya Rasa Lantarki da Giwayen Morel

Darasinmu na wannan wata ya shafi wata tambaya da marubutan Faransanci suka daɗe suna juyawa, tun kafin shugabannin duniya su fara taro a kan ɗumamar yanayi. Tambayar ita ce: idan fasaha ta ba ɗan adam ikon yin kusan komai, me zai rage wa sauran halitta, me kuma zai rage wa shi ɗan adam ɗin? Littattafai biyu ne za mu duba.

Na farko shi ne Ravage, wato Ɓarna, wanda René Barjavel ya buga a 1943, lokacin da Faransa take hannun sojojin Jamus. Ya kai labarinsa shekara ta 2052. A Paris ta wannan zamani ba a noma, ba a kiwo. A masana'anta ake shuka nama yana girma, mutane kuma suna zaune a dogayen benaye. Rana ɗaya sai lantarki ya ɓace daga duniya gaba ɗaya. Jiragen sama suka yi ta faɗowa, famfo ya ƙafe, gobara ta cinye birnin, kwalara ta bi waɗanda suka tsira. Wani saurayi, François Deschamps, ɗan manoma, ya ja 'yan tsirarun mutane zuwa ƙauyensu a kudancin ƙasar.

Mun yarda Barjavel ya gano ciwon. Mutumin da ya miƙa cinsa da shansa ga waya guda ya rataye ransa a kan zare. Amma maganin da ya kawo ba mu karɓa ba. François ya zama uban al'umma, ya sa aka ƙone littattafai, ya haramta ƙirƙira. Da ya tsufa tukuf, wani maƙeri mai suna Denis ya kawo masa injin da tururi ke motsawa domin ya sauƙaƙa wa manoma wahala, sai tsohon ya ba da umurni a farfasa injin, a kashe mai shi. Maƙerin ne ya riga shi, ya kashe shi. Masu nazari da yawa sun ji ƙamshin gwamnatin Vichy a nan, wadda ta yi ta kiran Faransawa su koma gona. Matar da ke dakan hatsi tun asuba ba za ta ga injin niƙa a matsayin zunubi ba.

Littafi na biyu ya fi zurfi, ya kuma fi kusa da mu, domin a Cadi labarin ya faru. Romain Gary ya buga Les Racines du ciel, wato Saiwoyin Sama, a 1956, ya ci kyautar Goncourt da shi a shekarar. Jaruminsa Morel Bafaranshe ne da ya sha ɗauri a sansanin Jamusawa. Abin da ya hana shi yanke ƙauna a kurkuku shi ne tunanin garken giwaye suna tafiya a filin Afirka, ba shinge, ba mai tsaro. Bayan yaƙi ya zo Fort-Lamy, wadda aka mayar N'Djamena a 1973, da jaka ɗauke da takardar koke, yana neman sa hannu a hana kashe giwa. Aka yi masa dariya. Sai ya shiga daji, ya fara ƙone ma'ajiyar 'yan kasuwar hauren giwa, yana raunata mafarauta.

Hujjar Morel ita ce giwa babbar halitta ce mai cin wuri, ba ta dace da duniyar tituna da riba ba. Al'ummar da ta kasa bar mata fili, gobe za ta kasa barin fili ga 'yanci, da tsoho, da nakasasshe, da duk wanda lissafi ya ce nauyi ne. Ba banza ba ne wanda ya tsira daga sansanin 'yan Nazi ne yake wannan magana. (Masu karatunmu za su so su sani akwai limamai biyu a labarin: Fada Tassin, ɗan Jesuit masanin kimiyya, da Fada Fargue mai hidimar kutare.)

Girman littafin shi ne Gary bai bar Morel da gaskiya shi kaɗai ba. Ya kawo Waïtari, ɗan Afirka mai ilimi, tsohon ɗan majalisa a Paris, wanda yake son masana'antu da hanyoyi da lantarki, yana ƙin a mai da nahiyarsa gidan kallon namun daji domin Turawa. Ga ɗan ƙauye kuwa, giwa nama ce mai tarin yawa, kuma ita ce mai tattake gona a dare ɗaya. Waïtari ya ɓata kansa da ya karkashe giwaye domin ya sayi makamai da haurensu, amma ƙorafinsa bai faɗi ba. Wanda ya ƙoshi ne ya fi saurin tausayin giwa.

Wannan kulli ne Ikkilisiya ta zo ta taɓa daga baya. A saƙonsa na Ranar Zaman Lafiya ta Duniya, 1 ga Janairu 1990, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ce lalacewar muhalli matsala ce ta ɗabi'a. A 2015 marigayi Paparoma Francis, cikin wasiƙarsa Laudato si', ya yabi fasaha a inda ta rage wahala, ya soki tunanin da ke mai da ita ma'aunin komai, ya kuma ƙi raba kukan ƙasa da kukan matalauta. Wato ya ƙi zaɓa tsakanin Morel da Waïtari.

A Cadin dai ba a gama labarin ba. Gandun dajin Zakouma, da aka kafa a 1963, yana da giwaye fiye da 4,000 a 2002. Zuwa 2010 masu farautar haure da bindigogin yaƙi sun rage su ƙasa da 500. Sai da aka ƙarfafa tsaro, aka kuma jawo ƙauyukan kewaye cikin aikin, sannan aka sake ganin 'ya'yan giwa a cikin garken.