Darasi: Wa Ke da Alhakin Jinyar Ma'aikaci?

Sau da yawa bayan sujadar Lahadi katakis yakan miƙe ya sanar cewa wani magini ya faɗo daga bene, ko injin niƙa ya datse wa wani yaro yatsu, ana roƙon gudummawar jama'a. Zumuntar mata ta tara nata, matasa su tara nasu, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai akwai tambayar da kunya ke hana mu yi: ina wanda ya sa shi aikin?

Littafi Mai Tsarki bai bar maganar a duhu ba. A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufin soronsa da katanga, domin in wani ya faɗo alhakin jini yana kan gidan. A Fitowa 21:18-19 kuma, wanda ya ji wa ɗan'uwansa rauni wajen faɗa zai biya shi kwanakin da ya yi a kwance, ya ɗauki nauyin jinyarsa har ya warke. A lura, abu biyu ake biya: magani da kuma ladan aikin da ya tsaya. Mu kuwa mukan tuna da na fari, mu manta iyalin da ke jiran cefane a gida.

Ikilisiya ta bi wannan sawu. Paparoma Leo na 13 ya koyar a 1891 cewa bai halatta a ɗora wa ma'aikaci abin da ya fi ƙarfinsa ba. A 1981 Paparoma Yohanna Bulus na 2, wanda shi kansa ya yi aikin fasa dutse a Folan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya rubuta wasiƙar Laborem Exercens. A ciki ya lissafa samun magani da sauƙi, musamman bayan haɗari a wurin aiki, cikin haƙƙoƙin ma'aikaci. Haƙƙi ya kira shi, ba sadaka ba.

Dokar Nijeriya ma haka ta tanada. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, kuma ta hana shi cire kuɗin daga albashinsu. Daga asusun ne ake biyan jinya da diyya. Kada wani ya ce wannan zancen manyan kamfanoni ne. Dokar ta haɗa da ɗan ƙodago, da mai koyon sana'a, da mai aikin gida wanda ba dangin maigidan ba ne. Ko majami'ar da ta ɗauki maigadi ko lebura ba ta fita ba.

Ma'aikaci kuma yana da nasa. Wanda aka ba hular kwano da takalmin aiki ya rataye su don wai zafi ya yi yawa, ya yi wasa da ran da ba shi ya ba kansa ba. In rauni ya auku, ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, shi kuma ubangidan ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Takardar neman diyya ana shigar da ita cikin shekara guda. Saboda haka a adana takardun asibiti da rasit na kowane magani, a kuma rubuta sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu tun kafin su watse.