Roba-roba, Boxer Ko Mai Ƙafa Huɗu: Wane Babur Ne Daidai Da Jikinka Da Hanyar Garinku?

Darasinmu na yau ba na waya ba ne, amma waya ce ta jawo shi. Wani ƙanina ne ya turo min bidiyon TikTok na baburan nan masu ƙafa huɗu suna tsala gudu a sahara, ya ce in duba masa wanne ya fi tsakanin Yamaha Raptor 350, Honda TRX400EX da Suzuki Z400, wai idan Allah ya hore masa shi zai riƙa shiga gona da shi. Yaron bai kai kilo 50 ba, ko keke bai gama ƙwarewa a kai ba.

Bari mu fara ba shi amsarsa. Duka ukun matsakaita ne a ajinsu. Raptor 350 yana da inji mai 348cc, ya fi sauƙin hali, shi ake ba mai koyo. TRX400EX yana da 397cc, iska ke sanyaya injinsa, ya yi suna wajen juriya. Z400 kuwa 398cc ne mai lagireto, ya fi su zafin nama, sai wanda hannunsa ya faɗa. Kowannensu nauyinsa ya kai wajen kilo 170, kuma tayoyin baya a kan sanda ɗaya suke, tare suke juyawa. Saboda haka idan za ka sha kwana sai ka karkata jikinka duka ka danne shi, in ba haka ba ya kife da kai. Mai ƙaramin jiki ba shi da nauyin da zai danne shi. Kamfanonin da kansu sun manna gargaɗi a jiki: ban da ɗan ƙasa da shekara 16, ban da goyo, ban da hawa kwalta.

To ka ɗauki wannan ka kawo shi ƙasar Dambatta, Makoɗa, Bichi ko Kunci, inda gona ke manne da gona, hanyar da ke tsakani sawun ƙafa ce kawai. Abin da faɗinsa ya wuce mita ɗaya, da damina gero da gyaɗar mutane zai riƙa takawa, ka tashi da ƙara a gaban mai gari. Ba ya goyo, ba ya ɗaukar buhu, kuma bakaniken garinku ba shi da kayansa. Magana ta ƙare.

Amma tambayarsa tana da amfani, domin kuskuren da ya yi shi ne wanda muke yi a kan baburan da ke gabanmu: kallon lamba. A waya mun saba, mutum ya ji 108MP ya ɗauka kyamarar ta fi kowace. Haka cc take. Ma'anarta girman ramin da fistin ke kai-komo a ciki, wato yawan iska da man da inji zai iya shaƙa a bugu ɗaya. Tana nuna ƙarfin ja, amma ba ta gaya maka ko ƙafarka za ta kai ƙasa ba, ko za ka iya ɗaga shi idan ya kwanta a yashi.

Mu ɗauki roba-roba, irin su Lifan da Haojue masu 110cc. Asalin tsarinsa daga Honda Super Cub ne, wanda ya fito a Japan a 1958, kuma zuwa 2017 an ƙera sama da miliyan 100. Sirrinsa shi ne babu kuloci a hannu. Ka sassauta totur, ka taka giya, shi ke nan. Ba shi da tanki a tsakanin cinya, don haka mai doguwar riga ko gajeren mutum zai hau ba tare da ɗaga ƙafa sama ba. Ga mai koyo, ga malamin makaranta, ga dattijo mai zuwa masallacin Juma'a a garin gaba, ban ga na biyunsa ba. Matsalarsa biyu ce: tankinsa ƙarami ne, kuma ba ya son kaya. Ɗora masa buhun masara da ƙaton mutum, ka ji yadda bayansa ke bugawa a kowane rami.

Sai Bajaj Boxer, ɗan Indiya, da takwaransa TVS HLX. Tun da aka hana acaɓa a cikin birnin Kano a 2013, ƙauyuka ne suka zama gidan wannan babur. Sirdinsa dogo ne shimfiɗaɗɗe, kariyarsa ƙarfe ce, shi ya sa yake kai amfanin gona bakin titi, inda motar Dawanau za ta ɗauka. A nan ne zaɓin ya fi wuya, domin akwai mai 100cc, akwai mai 150. Matasa kowa 150 yake so. Ni kuma ina ganin yawancinmu 100 ne daidai da mu. Idan jikinka madaidaici ne, kuma tafiyarka daga gida zuwa gona zuwa kasuwa ce, ƙarin ƙarfin nan ba za ka taɓa amfani da shi ba, sai dai ka biya kuɗinsa a gidan mai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Mai 150 na wanda yake da jiki ne, yake goyo da kaya kullum, ko yake bin titin Kano zuwa Daura, inda kake buƙatar ƙarfin wuce babbar mota da sauri. Mai son tsaka-tsaki ya duba Honda Ace mai 125cc, wanda ake haɗawa a Ota ta jihar Ogun.

Na san abin da nake faɗa, don ni ma na sha ƙasa. Sati biyu da fara koyo na ari 150 na wani yayana, na shiga wani yashi a bayan gari. Kan babur ya fara rawa, na tsorata na damƙe birkin gaba. Ban san lokacin da na kwanta ba, salansa ta manne min a ƙwauri. Har yau tabon yana nan. Da roba-roba ne da na sa ƙafa na tare. A yashi dokar ita ce: ƙaramar giya, totur a daidai kada ka saki gaba ɗaya, ka ja jikinka baya, ka bar birkin gaba ya huta.

Jincheng AX100 fa? Ba shi da nauyi, yana da fizga, gyaransa da araha. Amma injinsa irin mai ƙona baƙin mai tare da fetur ne, ga hayaƙi ga shan mai. Idan ba kyauta aka ba ka ba, ka yi tunani.

Yanzu ga gwajin da za ka yi kafin ka biya, kamar yadda kake duba batir da sikirin kafin ka sayi waya ta hannu. Hau ka zauna da takalmin da ka saba sawa. Ƙafafunka biyu su taɓa ƙasa, aƙalla gaban tafin. Idan sai ka zame gefe ɗaya kafin ka taka, ya fi ka. Juya kan har ƙarshe dama da hagu, ka ga ko hannunka na kaiwa ba tare da ka miƙe ba. Sauka ka tura shi baya taku goma, a ƙasa ba a siminti ba. Sannan, da izinin mai shi, ka kwantar da shi a hankali ka ɗaga kai kaɗai. Wannan na ƙarshen mutane ke jin kunyar yi, alhali a hanyar gona da magariba babu mai taya ka.

Ka kuma je wajen bakaniken da ya fi kusa da gidanku, ba na birni ba, ka tambaye shi kayan wane babur yake da su a ƙasa. Ka ware kuɗin hular kwano a cikin kuɗin babur tun farko. Lokacin da hukumar FRSC ta fara tilasta sa ta a Janairun 2009, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka don guje wa kamu, aka yi ta dariya. Ƙwarya dai kowa ya san yadda take yi idan ta faɗi a kwalta.

Shi kuwa ƙanin nawa, mun yi yarjejeniya zai fara da roba-roban babansu a filin makaranta, ranar da ba karatu, ina tsaye a gefe.