JIJIYOYIN GWIWA: ABIN DA YA KAMATA MAI WASAN ƘWALLO YA SANI

Gabatarwa

A gasar cin kofin duniya ta 2006 a Jamus, ɗan wasan Ingila Michael Owen ya zube a farkon wasansu da Suwidin ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Jijiyar gwiwarsa ce ta tsinke. Wannan maƙala za ta bayyana yadda hakan ke faruwa, domin ɗalibai da yawa na buga ƙwallo.

Tsarin Gwiwa

Gwiwa mahaɗa ce tsakanin ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri. Manyan jijiyoyi huɗu ne ke ɗaure su:

1. Jijiyar gicciye ta gaba, wadda likitoci ke kira ACL, tana hana ƙwauri zamewa gaba, kuma tana taƙaita murɗawa.
2. Jijiyar gicciye ta baya tana hana shi zamewa baya.
3. Jijiyar gefen ciki tana hana gwiwa lanƙwasawa ciki.
4. Jijiyar gefen waje tana hana ta lanƙwasawa waje.

Yadda Take Tsinkewa

Galibi ACL kan tsinke ne ba da karo ba. Idan ƙafa ta kafe a ƙasa, gwiwa na kusan miƙe, sai mutum ya juya da sauri ko ya diro daga tsalle gwiwar ta karkata ciki, nauyin yakan fi ƙarfin jijiyar. Alamominsa su ne jin ƙarar "ɓas", kumburi cikin 'yan sa'o'i, da jin gwiwa na sulluɓewa. Mata 'yan wasa sun fi maza shiga wannan haɗari.

Ba Kowane Targaɗe Ne Na Maɗori Ba

Jijiyar gefen ciki takan warke ba tare da tiyata ba. ACL kuwa tana cikin ruwan mahaɗa, jinin da ke isa gare ta kaɗan ne, shi ya sa da wuya ta haɗe da kanta. Ja da murza ba za su ɗinke ta ba. Hoton ƙashi ma ba ya nuna ta, sai na MRI. Wanda ya ci gaba da wasa a haka yana iya lalata guringuntsin gwiwarsa. Bayan tiyata, akan ɗauki kimanin wata 9 ko fiye kafin a koma fili.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. A ƙarfafa tsokar bayan cinya, domin ita ke taya ACL riƙe ƙwauri. A motsa jiki kafin wasa, a riƙa dirowa da gwiwa a lanƙwashe. Gwiwar da ta kumbura bayan murɗewa kuwa, a kai ta asibiti. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.